Geron Cikin Bango

Duk shekara idan aka gama yankan gero a ƙauyenmu, can gabas da Ɗanbatta, akwai wani yammaci da Iya ba ta yarda kowa ya taɓa mata. Iya kakarmu ce ta wajen uba. Kafin a zuba damman a rumbu sai ta sa a kwance mata su a tsakar gida, ta zauna a tabarma tana zaro zangarniya ɗaya bayan ɗaya, tana murzawa da babban yatsa, tana shinshinawa. Wadda ta yi mata ta ajiye a damanta, wadda ba ta yi ba ta mayar. Irin baɗi ke nan take zaɓe. Babanmu da gemunsa da komai bai isa ya sa hannu ba.

"Kai ci ka iya," take ce masa. "Matsa ka ba masu ido wuri."

Abin da ta zaɓa sai a ɗaure a rataye a jinkar ɗakinta, daidai saman murhu, don hayaƙi ya hana ƙwari. Da mun ci tuwo an idar da sallar isha'i, mu jikoki sai mu cika ɗakin, mu takwas ko tara, kowa na neman kusa da wutar kara. Ni wurina sananne ne, wajen ƙafafunta, don ni nake shafa mata man kaɗe a faso. Sauran ranaku tatsuniya ake yi ta dariya, ta kura da zomo da 'yan mata masu taurin kai. Sai ta ce, "To, masu kunnen zomo, ga ta nan," mu amsa da ƙarfi har Innarmu ta yi mana tsawa daga ɗakinta. Idan ta kai ƙarshe ta ce ƙurunƙus, mu watse.

Amma a daren zaɓen iri labari ɗaya take bayarwa, shi ne kullum, kuma ba ta buɗe shi da komai. Sai dai ta ɗaga kai ta dubi zangarniyoyin nan da ke rataye, ta fara.

Wai akwai wata yarinya da aka kawo daga ƙasar kudu, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa. Wani mai babban gida ya saye ta. Iya ba ta taɓa ba ta suna ba, Baƙuwa take ce mata. Ta girma a gidan tana daka, tana ɗebo ruwa, tana aikin gandu, har aka haɗa ta da wani bawan gidan ta haifi ɗa namiji. A garinsu na asali, wai, mata ne ke ajiyar iri, kuma ba a rumbu ba. Don haka duk ranar sussuka sai Baƙuwa ta ƙulle ɗan gero mai kyau a gefen zani. Ta cuɗa shi da toka, ta ɗura a tulu, sai da ta cika tulu biyu. Ta fafe bangon ɗakinta ta sa su, ta yaɓe da ƙasa, ta goge wurin har ba a gane shi.

Sai ruwa ya ɗauke. Aka shuka ya ƙone, aka sake shukawa ya ƙone. Mutane suka cinye rumbu, suka cinye dusa, suka koma ganyen tafasa da 'ya'yan ƙarangiya, suna tona gidan tururuwa don ƙwayar da ta tara. Daga ƙarshe kowa ya sauke irinsa ya daka. Ɗan Baƙuwa kuwa yana ta ramewa. Yakan kwanta ya jingina da bangon nan don sanyinsa, yana kukan yunwa, uwar tana zaune tana kallo.

A nan Iya kan tura kara cikin wuta. Wata shekara ban iya haƙuri ba na ce, "Iya, don Allah me ya sa ba ta fasa ta ba shi ba?"

"Ke Bintoto, kin fiye baki. In ta fasa, hayaƙin kununta zai ɓoyu? Kafin la'asar gari ya shigo ɗakin. Kwana biyu an cinye, a mutu gaba ɗaya."

"To yaron fa?"

"Ya koma ga Mai shi."

Da damina ta sake zagayowa, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, mutane suka tsaya a bakin gonaki hannu wayam, babu abin jefawa a rami. Ranar Baƙuwa ta ɗauki taɓarya ta fasa bango. Maigidan ya fara sa aka yi mata bulala, don ya ce ai sata ce. Bayan nan ya tara masu gidaje ya raba musu irin da ludayi, gida gida, bai tsallake kowa ba. Wannan geron ne ya tayar da gari. Bayan shekara biyu Baƙuwa ta sake haihuwa, mace.

Shi ke nan. Babu ƙurunƙus. Sai ta ce, "Ku tashi ku kwanta," mu fita jiki a sanyaye. Na taɓa tuna mata cewa ta manta ba ta rufe ba, ta ce ba ta manta ba.

Shekarar da nake aji shida, tana cikin ba da labarin, daidai wajen bulalar, sai bakinta ya suɓuce. Maimakon ta ce Baƙuwa, sai ta ce, "Har Innata ta tsufa shatin yana nan a bayanta." Sauran yaran rabi na gyangyaɗi, rabi na faɗa a kan gyaɗar da ake gasawa a toka. Ni kaɗai na ɗago. Hannuna ya tsaya a kan dugaduganta. Ta dube ni, na dube ta. Da za mu fita ta riƙe min gefen zani har kowa ya wuce.

"Abin da kika ji, ki bar shi a cikinki. Za ki yi aure a garin nan, za ki haihu a garin nan. Kin ji ni?"

Na ce na ji. Ta rasu ina aji uku a sakandare, Allah ya jiƙanta. Na yi auren a garin, na haihu a garin, kamar yadda ta faɗa, kuma shekara talatin da wani abu ban gaya wa ko maigidana ba.

Babban wanmu, Yaya Habu, bai zauna waɗannan dararen ba. Ya girme ni da shekara goma sha biyu, lokacin yana makarantar horon malamai, hutu kawai ke kawo shi. Tun da ya gama yake koyarwa a firamaren garinmu, yanzu ga furfura ta cika masa gemu. Abin da ya daɗe yana damunsa shi ne, yaro zai lissafa maka sarakunan ƙasashen da ba zai taɓa gani ba, amma ka tambaye shi wa ya haƙa rijiyar bayan makaranta, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Sai ya ɗauki aniyar rubuta wa 'yan aji biyar tarihin garinsu. Duk Asabar ya hau tsohon babur ɗinsa da littafi da biro da goro a aljihu, ya bi ƙauyuka yana zama da tsofaffi. Matarsa ta ce ta daina saka masa abincin rana a kwano, don tsofaffi sun fi ta ganinsa. Idan ya rubuta darasi sai ya tara 'ya'yan maƙwabta ya karanta musu. Da ya ga ɗaya ya yi hamma, sai ya koma ya sake rubutu.

Kuma yana da wata doka da ya ɗora wa kansa. Ba ya rubuta magana sai ya ji ta daga baki biyu, na mutanen da ba su taɓa zama tabarma ɗaya ba. Labarai masu daɗi nawa ya bari a adaka saboda baki ɗaya ne ya faɗa. Yakan ce yaro ba ya musu da takarda, abin da ya gani a rubuce ya zauna ke nan har ya tsufa, to shi ba zai je gaban Allah da ƙaryar da ya shuka a kan yara ba.

Bara, bayan sallar layya, wata Asabar da la'asar ina tankaɗe sai ga sallamarsa. Na shimfiɗa masa tabarma, na dama fura. Ya sha rabi ya ajiye, yana ta juya ludayin.

"Binta, kin san darasin shekarar yunwa?"

"Wanda kakan Mai Unguwa ya yi tanadin iri? Wa bai sani ba, Yaya? Ko a biki maroƙa suna faɗa."

"Haka na rubuta. Har an buga min a kwamfuta a Ɗanbatta." Ya numfasa. "Makon jiya na je wajen wani tsoho makaho, Malam Tanimu, can hanyar Kazaure. Mahaifiyarsa 'yar babban gidan ce, aure ya kai ta can. Ya ce ba tanadin maigida ba ne. Wata baiwa ce ta yaɓe gero a bango, ana ce mata Kyauta. Da ya ji ko ni ɗan wane ne sai ya yi dariya ya ce, ashe ɗan gida ne ya zo tambayar hanya."

Na ajiye rariyar. Mu duka mun san sunan mahaifiyar Iya ke nan.

"Baki ɗaya ne," in ji shi. "Baba ya rasu, su Gwaggo sun rasu. Na tambayi sauran jikokin, wannan ya ce ya tuna akwai tulu, wancan ya ce kura ce ta fasa bangon. Ke ce kullum a ƙafarta. Me Iya ta gaya muku?"

"Tatsuniya ce, Yaya."

"Tatsuniya ce?"

Na kau da kai. Na ce, "Autata Sadiya tana aji biyar bana. Benci ɗaya suke zama da jikar Mai Unguwa. Kai ka tsufa, ba mai iya yi maka gori a ido. Ita shekararta goma."

"Na sani. Shi ya sa ban zo in matsa miki ba. In kin ce ba ki ji komai ba, zan cire darasin gaba ɗaya, don ba zan iya barin na farkon ba yanzu. Sai yara su tashi daga haƙa rijiya su faɗa zuwan motar farko, kamar ba a yi yunwa ba." Ya miƙe yana karkaɗe riga. A bakin ƙofa ya juyo. "Amma kina tsammanin gari bai sani ba? Sun sani, Binta. Bautar suka riƙe. Geron ne suka manta."

Kwana tara na yi ina juya maganar a raina. Na ƙona miya sau biyu. Idan Sadiya, autata, ta dawo makaranta tana ba ni labarin wa ya yi faɗa da wa, sai in tsaya ina kallon bakinta ba na jin me take cewa, ina hango ta tsaye a filin makaranta yara sun zagaye ta suna tafi. Na san bakin yara, ni ma na yi yarinta. Suna ɗaya za su laƙa mata ya bi ta har ɗakin miji. Ga kuma Iya. Ta riƙe min zani, ta ce in bar shi a cikina, na ce na ji. Wanda ya rasu ba a komawa a ce masa a warware alkawari.

Amma a Islamiyya an karantar da mu nauyin ɓoye shaida idan an neme ta, kuma an neme ta. Sannan maganar Yaya ta tono min wani abu da na daɗe da binnewa. Ina budurwa mun je wani suna da Innarmu, na zauna a kan kujerar da na samu babu kowa, sai wata tsohuwa ta ce da ta kusa da ita, ba ta ko rage murya ba, "Zamani ke nan, 'yan gidan Kyauta a kan kujera." Suka yi dariya. Innarmu ta ja hannuna muka koma tabarma. Ashe duk shirun da muke yi, ba mu rufe komai ba.

Na yi istihara. Na gaya wa maigidana komai, ina jiran in ga fuskarsa ta sauya. Yana gyara fitilar babur a tsakar gida, bai ko ɗago ba.

"Tun kafin a kai gaisuwar aurenki kawuna ya gaya min," in ji shi. "Na ce masa ni tuwon yarinyar na ɗanɗana, ba na uwar kakarta ba. Zancen geron ne dai ban taɓa ji ba. Miƙo min sukundireba."

Na yi dariya, sai kuma kuka ya zo.

Asabar ta biyu na aika aka kira Yaya Habu. Na ba shi labarin tun daga ƙullin gefen zani har ludayin rabo, har da daren da bakin Iya ya suɓuce. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Biro kawai ke tafiya, wani lokaci ya cire tabarau ya goge. Da na gama ya buɗe shafin Malam Tanimu ya jera da nawa. Shi tsohon tulu uku ya ce, ni biyu, don haka Yaya ya rubuta "tuluna". Zancen yaron da ya rasu kuwa tsohon ma ya faɗa.

Na roƙe shi abu ɗaya, kada ya ambaci gidanmu. Ya yarda. Ya rubuta cewa zuri'arta suna nan a garin har yau. Ya rubuta cewa an yi mata duka. Ya kuma rubuta cewa maigidan ya raba irin da adalci, bai fifita danginsa ba, don baki biyun duk sun faɗi haka. Kafin a kai fotokofi sai da ya ɗauki goro ya je ya karanta wa Mai Unguwa darasin a zaurensa. Ya ce min dattijon ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Allah ya jiƙan magabata baki ɗaya." Bai ce a buga ba, bai ce kar a buga ba. Har yau dai gaisuwarsa da Yaya ta ragu.

Ban so Sadiya ta fara ji a aji ba. Ana jibi za a yi darasin, bayan magariba, na zaunar da ita kusa da kurfoti ina soya awara, na ba ta labarin yadda Iya take bayarwa. Daidai wajen bangon ta yi min tambayar da na yi wa Iya, kusan kalma da kalma, na ba ta amsar Iya, ni kaina ina jin amsar ba ta ishe ni ba. Ni uwa ce yanzu. Ban san ko zan iya zama ina kallon bangon nan ba. Daga ƙarshe na gaya mata ko wace ce. Na ce babu wanda zai tilasta mata ta faɗa, littafin bai kira suna ba. Ta ce to, ta ɗauki awara ta fita.

Ranar Litinin na wanke kwanukan da na riga na wanke. Na leƙa ƙofa ya fi sau goma. Ina ta tunanin Iya. Da ina yarinya na ɗauka labarin koyar da tanadi yake yi, ko haƙuri. Yanzu abin da ya tsaya min shi ne, in da gaske so take ya ɓata, da ba ta riƙa ba da shi duk shekara ba, ga jikoki tara, a ranar da ba za mu manta ba. Ta ji tsoro saboda mu, ta kuma kasa barin mahaifiyarta ta tafi babu mai tunawa. Duka biyun ta damƙa min, ta bar ni da zaɓi. Ina roƙon Allah, idan na saɓa mata, Ya sa ta yafe min.

Ƙarfe ɗaya da rabi Sadiya ta yi sallama. Idonta ya yi ja. Ta ajiye jaka, ta cire hijabi, ta tafi randa ta sha ruwa kofi biyu. Na kasa jira.

"An yi darasin?"

"An yi. Kawu Malam ya karanta, ya ce zuri'arta suna nan. Sai yara suka fara waige-waige, ana cewa su wa, su wa. Sai na miƙe na ce mu ne."

Na dafa bango. "Wa ya sa ki?"

"Ba kowa. Ai duk ni suke kallo ta gefen ido, Umma."

"An yi miki dariya?"

"An yi. A hanya ma wata ta kira ni baiwa, har na yi kuka. Jikar Mai Unguwa kuma ta koma bencin baya."

"Su nawa ne masu dariyar?"

Ta lissafa da yatsu. "Huɗu."

"Sauran fa?"

"Sauran rubutu suke yi. Ranar Alhamis akwai gwaji, kuma Kawu Malam ya ce duk wanda bai san sunan Kyauta ba ya faɗi." Ta ja hanci, ta goge fuska da bayan hannu. "Umma, akwai sauran tuwo? Kuma ki wanke min hijabin nan, gobe ni ce mai sharar aji."

Na karɓi hijabin na jiƙa a bokiti, na je na ɗumama mata tuwon.